Harar, Birnin Da Ya Bar Wa Kura Ƙofa

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a ƙasar Hausa ya san sunan Habasha tun kafin ya san inda take. Mun ji labarin hijirar farko da Sahabbai suka yi zuwa wurin Najjashi, mun kuma ji labarin Bilal mai kiran salla. Amma in ka tsayar da ɗalibi, ko da mai shirin karɓar digiri ne, ka ce ya faɗa maka sunan gari guda na Habasha ban da Adis Ababa, sai ka ga yana sosa ƙeya. To, akwai wani tsohon birni a gabashin ƙasar, bisa tsaunuka, ana ce da shi Harar. Na ziyarce shi a shekarar 2019, na kwana shida ina yawo cikinsa da kewayensa. Ga abin da idona ya gani, da abin da ya tsaya mini a rai, ko Allah Ya sa wani ya ƙaru. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.

Hanya

Daga Adis Ababa zuwa Harar tafiyar kilomita 500 ce da 'yan kai, mota kuwa takan cinye yini guda cur. Mai sayar da tikiti ya ce mini bas zai tashi ƙarfe goma sha ɗaya, ya kuma ƙara da cewa agogon Habasha yake nufi, watau ƙarfe biyar na asuba a namu lissafin, domin su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'in yini. Muka tashi cikin duhu da sanyi mai ratsa ƙashi, kowa ya ƙudundune cikin mayafi.

Da gari ya waye sai muka yi ta gangarawa, muka wuce Adama, muka faɗa cikin babban kwarin nan da ya tsaga gabashin Afirka. Nan mayafi ya zama kaya. Wajen Matahara ƙasa ta koma baƙi ƙirin, duwatsu a ƙone kamar an zubar da gawayin duniya duka, wannan kuwa aman dutsen Fantale ne na zamanin da. Muka ratsa Awash cikin zafi da ƙaya da raƙuma, har mutum ya ɗauka a hanyar Agadas yake. Bayan Mi'eso sai hanya ta sake ɗaga kai sama. Daga garin Ciro zuwa gaba, mota ba ta ƙara miƙewa sosai ba, sai kwana bayan kwana a bisa doron tsauni, kwari ta dama, kwari ta hagu, ga gajimare yana yawo a ƙarƙashinmu. Manoman wannan yanki Oromawa ne, sun yanka jikin tsaunuka hawa-hawa kamar matakala, sun shuka dawa mai tsawon da ya fi na mutum a kan doki. Ganin dawar nan ya sa na ji kamar gida ya biyo ni.

A kan wannan hanya ne muka wuce wani ƙaramin gari, Calanko. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni, wanda muke ta lallaɓa hira da guntun Larabcina, ya taɓa mini gwiwa ya ce, "Ɗana, dubi nan da kyau. In ba ka san wurin nan ba, ba za ka gane garin da za ka ba." A nan ne, ranar 6 ga Janairu 1887, rundunar Menelik, wanda a lokacin yake Sarkin Shawa, ta karya rundunar Amir Abdullahi na Harar. Daga ranar Harar ta daina zama ƙasa mai sarkinta da kuɗinta, ta shiga ƙarƙashin daular Habasha.

Da la'asar muka iso Dangego, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta gangara Dire Dawa, ɗaya ta nufi Harar. Rana na shirin faɗuwa muka hango hasumiyoyi da fararen gidaje cunkushe a kan tudu.

Cikin Ganuwa

Harar tana bisa tudu mai tsawon mita 1,885 daga bakin teku, saboda haka iskarta ba zafi ba sanyi, kamar ta Jos a watan Nuwamba. Tsohon garin, wanda suke kira Jugol, yana cikin ganuwa ta dutse da laka mai tsawon kilomita uku da rabi, tsayinta kuwa wajen mita huɗu. Idan aka gwada da badalar Kano, 'yar ƙarama ce, don kuwa na zagaye ta da ƙafa tsakanin hantsi da azahar, har da tsayawa shan shayi. Amma fa tana nan tsaye.

A shekarar 1520 Sarki Abubakar ɗan Muhammadu ya mai da Harar babban birnin daular Adal. Daga nan ne Imam Ahmad ɗan Ibrahim, wanda Habashawa ke kira Garan, watau Bahago, ya fita yaƙe-yaƙensa da sarakunan Kirista na kan tudu, har aka kashe shi a 1543. Wanda ya gaje shi daga baya, Amir Nur ɗan Mujahid, shi ya gina ganuwar don tsare garin bayan ƙarfin daular ya ragu. Kabarinsa yana nan cikin gari ƙarƙashin wata ƙubba, mutane na shiga suna fita.

Ƙofofin asali biyar ne: Asum Bari, Argob Bari, Suƙutat Bari, Badro Bari da Asmadin Bari. Kalmar bari a harshensu ita ce ƙofa. Daga baya an fasa wata babba wadda motoci ke shiga ta cikinta. Kowace ƙofa tana da unguwarta, kowace kuma tana da 'yar kasuwarta a baki, inda matan ƙauye ke sauke itace da madara da mangwaro. Mutanen garin kansu ba su cika cewa Harar ba, sai su ce Gey, watau Birni, kamar dai yadda Bakano zai ce maka za shi cikin gari, ba sai ya faɗi wane gari ba. Su kansu Gey Usu ne, mutanen birni, harshensu kuwa Gey Sinan, harshen birni.

Lungunan Jugol sun fi ɗari uku, wasu ba su wuce faɗin kafaɗun mutum biyu ba. Akwai wani da suke kira lungun sulhu, saboda tsananin ƙuncinsa: in ka haɗu da wanda kuke gaba a ciki, ba yadda za ku wuce juna sai kun gogi kafaɗa, in kun gogi kafaɗa kuwa dole a yi sallama. Akwai layin teloli mai suna Makina Girgir, sunan da aka samo daga ƙarar kekunan ɗinki. A kasuwar Gidir Magala mahauta na sayar da naman raƙumi, shirwa kuwa jere a kan katanga, in an jefa tsoka sama su cafke ta kafin ta sauko. Masallatai 82 aka ƙirga cikin wannan ɗan fili, uku daga cikinsu an ce tun ƙarni na 10 suke, ga kuma ƙubbobin waliyyai 102. Da yawa daga masallatan ba su fi zauren gidan attajiri girma ba. In lokacin salla ya yi, kiran salla kan taso ta ko'ina a lokaci guda, har ka rasa wanda za ka amsa wa. Saboda waɗannan ne hukumar UNESCO ta sa Jugol cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2006.

Tarihin garin bai ɓoye tabonsa ba. A dandalin Faras Magala, watau kasuwar dawaki, akwai majami'ar Madhane Alam, wadda aka gina bayan yaƙin Calanko a gurbin wani babban masallaci. Ba nisa da nan akwai gidan da Ras Tafari ya zauna kafin ya zama Sarki Haile Selassie, yanzu gidan tarihi ne cike da tsofaffin Alƙur'anai na hannu da tsabar kuɗin da sarakunan Harar suka buga. Akwai kuma wani dogon gidan katako da gilasai masu launi, wanda wani ɗan kasuwa Ba'indiye ya gina, aka mai da shi wurin tunawa da mawaƙin Faransa Arthur Rimbaud, wanda ya bar waƙa, ya zo garin a 1880 ya kama fataucin gahawa da fatu. Kafin shi, Bature Richard Burton ya shigo a 1855 ya kwana goma, a zamanin da garin ba ya karɓar baƙon da ba Musulmi ba. Misirawa ma sun riƙe garin daga 1875 zuwa 1885. Kowa ya zo ya bar alamarsa ya wuce, ganuwa na kallo.

A wani gidan gargajiya na sauka. Babban ɗakin yana da dakali biyar masu hawa daban-daban, kowane da masu zama a kansa: na maigida dabam, na malamai da manyan baƙi dabam, na yara dabam. Bango kuwa ba masaka tsinke, an lulluɓe shi da faifai da kwanduna da kwanonin sha masu fure, abin da ya tuna mini da jeren ɗakin amarya a wurinmu. Daɓen ƙasa ja wur. Na tambayi uwar gidan dalili, ta ce, "Ɗana, jinin waɗanda suka faɗi a Calanko ne muke tunawa." Sai maganar dattijon cikin mota ta faɗo mini. Ta kawo mini kuti, wani shayi da ake dafawa da ganyen gahawa, ta zauna tana nuna mini wani katako a saman ƙofa inda ake ɗora naɗaɗɗun dardumai. Ta ce baƙo in ya shigo ya ƙirga dardumai, ya san yawan 'yan matan gidan da suka isa aure, ba sai ya yi tambayar da za ta ba kowa kunya ba.

Kura

A jikin ganuwar, can ƙasa, akwai wasu ƙananan kafofi waɗanda mutum ba zai shiga ba sai da rarrafe. Ruwan sama na fita ta nan, amma sunan da mutanen garin suka ba su shi ne ƙofar kura. In dare ya raba, kuraye kan sauko daga duwatsu su shigo ta waɗannan kafofi, su bi lunguna suna cinye ƙashi da sauran abin da mahauta suka zubar, kafin asuba su fice.

Bayan isha'i wani yaro mai Keke Napep ya kai ni bayan ganuwa, inda wani mutum ke zaune a ƙasa da kwandon nama. Ya yi ta kira da wata irin murya, yana ambaton sunaye. Can sai ga idanu suna ƙyalli cikin duhu, ɗaya, biyu, har na ƙirga tara. Ya soka tsoka a ɗan guntun kara, ya miƙa, wata ta matso ta karɓa a hankali kamar akuya. Sa'an nan ya sa karan a bakinsa, wata ta zo ta ɗauke naman, hancinta na kusan taɓa nasa. Ya yafuto ni. Ƙafafuna suka yi nauyi, amma na je na tsuguna, na riƙe karan, na ji hucin numfashinta a bayan hannuna.

Mu ma muna da masu wasa da kura, amma kowa ya san yadda namu yake: takunkumi a baki, sarƙa a wuya, kulki a hannu, har muka yi karin magana cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Harar ba takunkumi ba sarƙa. Kurar daji ce, ta zo da ƙafarta, ta koma da ƙafarta. Sun gaya mini cewa ranar Ashura akan dama fate da man shanu a ajiye wa kuraye a wasu ƙubbobi na bayan gari, a kuma duba yadda suka ci a yi fatan yadda shekara za ta kasance. Malamai na iya cewa abin da za su ce game da wannan al'ada. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, mutanen da suka gina katanga don tsoron abokan gaba sun zauna sun yi tunani, suka ga akwai maƙwabcin da ba a iya kora, gara a san ta inda zai shigo da abin da zai ci.

Gabas Da Yamma

Kwana biyu na ware don zaga kewayen garin. Na yi shatar wata tsohuwar Fijo 404, irin wadda iyayenmu suka hau, direban kuwa yana lallaɓa ta kamar tsohuwar da ya gada.

Ranar farko muka yi gabas, hanyar Jijiga. Bayan kilomita 30 muka isa Babile, garin gyaɗa da kasuwar raƙuma, inda Oromawa da Somalawa ke ciniki. Gaba kaɗan sai kwarin Dakata, inda manyan duwatsu suka hau kan juna, wani ƙato a bisa ɗan siririn wuya, kai ka ce iska kaɗan za ta ture shi, alhali ya shekara dubbai a haka. Birai na zaune a gefen titi suna jiran a jefa musu gyaɗa. Kudu da nan akwai gandun dajin da aka keɓe wa giwaye tun 1970.

Na daɗe tsaye a wannan wuri saboda wani dalili. A watan Maris na 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Nijeriya na birged ta 23 sun biyo wannan hanya. Sun taso daga Mogadishu, suka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 cikin 'yan makonni, suka kama Jijiga, suka fasa mashigin Marda da na Babile, suka karɓe Harar daga hannun Italiya. Da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne, Hausa kuwa ita ce harshen bariki. Watau akwai ranar da aka yi ta ba da umarni da Hausa a tsakanin waɗannan duwatsu, wani ɗan Zazzau ko ɗan Katagum ya ɗaga kai ya dubi dutsen nan da nake duba. Waɗanda suka dawo sun tsufa a ƙofar gidajensu ana ce musu tsohon soja, suka rasu da labarinsu a baki, mu kuwa jikokinsu ba mu zauna mun rubuta ba.

Rana ta biyu muka yi yamma. Awadai na nan kusa da Harar, ita ce babbar kasuwar wani ganye da suke kira cat, Larabawan Yaman kuma su ce ƙat. Taunarsa ake yi kamar yadda muke cin goro, sai dai shi yakan zaunar da mutum tun daga azahar har magariba. Ganyen ba ya jure kwana, don haka kasuwar ba ta barci, motoci na fita da shi a guje zuwa Jibuti da ƙasar Somaliya. Direbana ya ce mahaifinsa gahawa yake nomawa, shi kuwa ɗan'uwansa ya tuge ta ya dasa cat, domin gahawa sau ɗaya ake tsinka a shekara, cat kuwa sau da yawa, kuɗinsa kuma a hannu.

Gaba da Awadai, kusa da jami'ar Haramaya, ya tsayar da mota ya nuna mini wani fili mai faɗi, shanu na kiwo, yara na ƙwallo. Ya ce, "Yallaɓai, a nan na koyi iyo." Tabkin Haramaya ke nan, wanda dā yake shayar da Harar. Aka yi ta jan ruwansa da injuna, gari na ja, masu ban-ruwan cat na ja, ƙasar da ruwa ya wanko daga tsaunukan da aka sare wa itatuwa tana cike shi daga ƙasa, har ya ƙafe ƙaf wajen 2005. Daga baya, wajen 2020, ruwa ya soma komawa cikinsa bayan damuna masu ƙarfi da aikin gyaran da aka yi, amma a ranar da na tsaya a wurin ƙura ce ke tashi. Daga nan muka gangara Dangego zuwa Dire Dawa, garin da jirgin ƙasa daga Jibuti ya haifa a 1902. Masu shimfiɗa dogo sun ga hawa tudun Harar zai ci kuɗi, suka bi ta ƙasa, ciniki ya bi dogo, ayarin raƙuma ya ragu. Wannan rashi ya zama wa tsohon garin rufin asiri, don da dogo ya iso shi, watakila da an rushe rabinsa an gina kantuna.

Abin Da Na Taho Da Shi

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna na je. Ruwan famfo wuya yake yi a Jugol, leda ta toshe magudanu, siminti na cin tsofaffin gine-gine a hankali. Harariyawa kansu, a ƙidayar 2007, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na mutanen jiharsu ba, da yawa sun watsu Adis Ababa da ƙasashen waje. Duk da haka ganuwarsu na tsaye, na kuwa yi ta tambayar kaina dalili.

Amsar da na samu ita ce, ganuwar tana da masu ita. Mutum a Jugol yakan faɗi unguwarsa da sunan ƙofarta. Ƙungiyoyin unguwa da suke kira afoca, masu ɗaukar nauyin biki da jana'iza, a cikin lungunan nan suke taruwa. In azumi ya gabato, mata kan fito su shafe bangon gidajensu da farar ƙasa da shuɗi da kore, ba wanda ya aiko su daga ofis. Tabkin Haramaya kuwa kowa na sha, ba mai shi, shi ya sa ya ƙafe a gaban idon kowa.

To, mu fa? Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin badalar Kano tun ƙarni na 12, watau ta girmi ta Harar da shekaru wajen ɗari huɗu, ta kuma ninka ta tsawo sau da yawa. Tun 2007 sunanta ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta karɓa. Amma wanda ya bi ta yau zai ga inda aka ɗebe ƙasarta aka yi tubali, da inda aka yanka ta aka yi fuloti, da inda ta zama juji. Wasu ƙofofin an rushe su don faɗaɗa titi aka sake su da siminti. Ta Zariya da ta Katsina ma labarin bai canza ba. Mukan ce laifin hukuma ne, hukuma kuwa tana da nata kason. Sai dai ai ba hukuma ce ke fitowa da dare da jaki da mangala tana ɗibar ƙasar badala ba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muke karatun harshe da al'ada, ita ce kowa ya ware yini guda cikin hutun nan ya bi ganuwar garinsu da ƙafa, ƙofa bayan ƙofa, da littafi a hannu. Ya rubuta sunan kowace, ya nemi Sarkin Ƙofa in yana nan, ya tambayi tsofaffin unguwa wa ya gina, wa ya shiga ta nan, me ake yi a bakinta dā. In akwai wanda kakansa ya je yaƙin Habasha ko na Bama, ya tambayi gida abin da aka riƙe na labarinsa kafin masu riƙon su ma su tafi. Mu kawo abin da muka samo a buga a wannan mujalla, shekara bayan shekara, har ya taru. Malamanmu kuma su taimaka su karɓi irin wannan aiki a matsayin kundin kammala karatu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, Ya kuma kai mai niyyar tafiya lafiya, Ya dawo da shi lafiya. Amin.